Aldo Gucci: Ya kai sunan gidansu ko'ina a duniya, ɗansa ya kai shi kurkuku

Duk wanda ya taɓa kwance dila a Kantin Kwari, ko ya zaga babbar kasuwar Maraɗi, ko Dantokpa ta Kwatano, ya san haruffan nan biyu, G da G, masu sarƙe da juna a jikin jaka da bel da takalmi da hula. Mun kuma sani, tsakaninmu, cewa mafi yawan irin wannan kaya da ke ratsa iyakokinmu bai taɓa shaƙar iskar Italiya ba. Sunan ne ake saye. To, a wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu ba da tarihin mutumin da ya mayar da sunan nan kuɗi, wato Aldo Gucci. Yawancinmu da ƙanne da 'ya'ya muke kasuwanci, dattawan da suka kafa ƙungiyar nan kuma sun fara miƙa makullan shagunansu. Aldo ya fi mu duka iya sayarwa, amma ya mutu ba shi da ko sisin kwabo a kamfanin da ya yi shekara sittin da wani abu yana ginawa.

An haife shi ranar 26 ga Mayu, 1905, a birnin Fulorans na ƙasar Italiya, garin da ya daɗe da yin suna wajen jima da dukanci. Mu da muka san Kano da Sakkwato ba sai an yi mana dogon bayani ba, har gobe ma Italiya tana cikin manyan masu sayen fatun awaki da tumaki da ke fita daga yankinmu. Mahaifinsa, Guccio Gucci, ɗan talakawa ne. Yana saurayi ya tafi Landan ci-rani, ya sami aikin hidima a otal ɗin Savoy, inda manyan masu kuɗin Turai ke sauka. A nan ya riƙa lura da akwatunan tafiyarsu da jakunkunansu, ya gane cewa mai kuɗi yana so kayansa su faɗi matsayinsa tun kafin ya buɗe baki. Da ya koma gida ya yi aiki a wurin masu sana'ar fata, sannan a 1921 ya buɗe ƙaramin shagonsa a Fulorans.

Gidan ya ƙunshi Ugo, ɗan da matar Guccio ta zo da shi, da Grimalda 'yar fari, da maza uku da suka rayu: Aldo, Vasco da auta Rodolfo. Guccio mutum ne mai tsanani. Yana zuga 'ya'yansa su yi gasa da juna, yana son kowa ya kawo masa ƙarar ɗan'uwansa, a ganinsa hakan ne zai sa su yi ƙwazo. Mu riƙe wannan, domin Aldo ya gaje shi, kuma ya yi wa nasa 'ya'yan irinsa.

Tun yana yaro Aldo yake kai saƙon kaya da share shago. Ya shiga aikin gadan-gadan yana ɗan shekara 20. Nan da nan aka ga ba a wajen ɗinki baiwarsa take ba, a bakin kanta take. Yana da fara'a da zaƙin baki, ya iya sa mai saye ya ji kamar shi kaɗai aka buɗe wa shagon. A shagon ne ma ya haɗu da Olwen Price, 'yar Ingila da ke aiki a gidan wata gimbiya, suka yi aure a 1927. Ta haifa masa maza uku: Giorgio a 1928, Paolo a 1931, Roberto a 1932.

Jarrabawar farko daga wajen iyaka ta zo. A 1935 Mussolini ya auka wa Habasha, Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani ta sa wa Italiya takunkumi, fata mai kyau ta yi wuya. Duk ɗan ƙungiyar nan da ya taɓa kwana a bakin iyaka da mota cike da kaya saboda rigimar da ba shi ya tayar ba, ya san irin wannan hali. Gidan Gucci bai rufe ba. Suka koma yin jaka da wani yadi mai kauri da aka saƙa da zare irin na rama, aka buga masa zane, fata kuwa sai a baki da hannu kawai. Bayan yaƙin duniya na biyu, da ƙarancin kaya ya ci gaba, a 1947 suka fito da jaka mai hannun gora: a gasa gorar a wuta, a lanƙwasa, a shafe ta. Abin da aka yi don dole ya zama alamar gidan, har yau ana yin jakar.

Guccio mai tsoron bashi ne, Aldo kuwa ba ya iya zama wuri ɗaya. Shi ya matsa har aka buɗe shago a Rum a 1938, a titin Condotti, uban yana ta faɗan kuɗin da za a kashe. Shagon ya ci, musamman bayan yaƙi da sojojin Amurka da na Ingila suka cika birnin suna neman tsarabar kai wa gida. Daga nan Aldo ya fahimci inda kuɗin duniya ya koma. Rodolfo, wanda ya yi shekaru yana wasan fim da sunan Maurizio D'Ancora, ya dawo harkar gida aka ba shi shagon Milan a 1951. Vasco ya riƙe masana'anta. Aldo ya ƙetara teku, ya kama wuri a New York, a ginin otal ɗin Savoy Plaza, ba da son ran mahaifinsa ba. Wajen wannan lokaci ne, ranar 2 ga Janairu, 1953, Guccio ya rasu.

Tsagewar farko a rabon gado ta bayyana. An riga an sallami Ugo. Grimalda ta yi shekaru tana riƙe da akwatin kuɗin shago, kuma saurayinta, wanda ya zama mijinta, shi ya ranta wa Guccio abin da ya tara lokacin da shagon ya kusa durƙushewa a shekarunsa na farko. Duk da haka ba a ba ta komai a kamfanin ba, saboda uban ya ƙudurta cewa mace ba ta gadon kasuwancinsa. Ta kai ƙara, ta sha kaye. A wurinmu, inda rabon mace a gado sananne ne, wannan abin kunya ne. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da yaran gidan suka gani da idonsu: ana iya fitar da ɗan'uwa ta hanyar takarda da lauya, kuma a kwana lafiya.

Shekaru ashirin da suka biyo baya na Aldo ne. A 1953 aka fito da takalmin nan mara igiya mai ɗan ƙarfen linzami a kai. Ratsin kore da ja da kore, wanda aka ɗauko daga ɗamarar sirdi, ya zama tambari. Aldo ya yi ta yaɗa labarin cewa kakanninsu masu yi wa sarakuna sirdi ne tun zamanin da. Ba gaskiya ba ne, mahaifinsa ɗaukar kaya ya yi a otal, amma labarin ya shiga kunnen Amurkawa kuma ya sayar da jaka. Aka buɗe Landan da Palm Beach a 1961, Paris a 1963, Beverly Hills a 1968, Tokiyo a 1972, Hong Kong a 1974. Matar Shugaba Kennedy ta riƙa rataya wata jakarsu har aka sa wa jakar sunanta. A 1966 aka zana wa Gimbiya Grace ta Monako wani ɗankwali mai furanni, shi ma ya shiga kasuwa.

Yadda yake tafiyar da shago abin kallo ne. A New York, garin da ba a san hutu ba, yakan rufe ƙofa da rana don ma'aikata su ci abinci kamar yadda ake yi a Italiya, masu kuɗi su yi layi a waje suna jira. Wata mujalla ta yi dogon rubutu kan wulaƙancin da ma'aikatansa ke yi wa masu saye, sai ciniki ya ƙaru. Daga baya ya keɓe wani bene na musamman a shagonsa, ya raba wa zaɓaɓɓun abokan ciniki makullin zinariya, sai mai makulli ke hawa. Ya san abin da da yawa cikinmu muka sani a aikace: kaya in ya yi wuyar samu, darajarsa ta ƙaru.

A gida kuwa ba haka yake ba. Yakan daka wa 'ya'yansa tsawa a gaban ma'aikata, alhali sun girma sun yi iyali. Albashi kawai yake ba su, kuma ba mai yawa ba. Yana da wata mace a gefe, wadda ta taɓa aiki a shagon Rum, ta haifa masa 'ya a 1963, a zamanin da dokar Italiya ke hukunta irin wannan. Sannan akwai halin da ya fi kowanne haɗari, wanda ba mu jin akwai ɗan kasuwar da zai ce bai san shi ba: bai raba aljihunsa da akwatin kamfani ba. A ganinsa shi ne Gucci, Gucci kuma shi ne, to wa zai tambaye shi lissafi?

Yanzu sai mu bi lissafin hannun jari a hankali, domin a nan labarin yake. Vasco ya rasu a 1974 bai bar ɗa ba. Aldo da Rodolfo suka sayi rabonsa daga hannun matarsa, kamfanin ya zama rabi da rabi. A takarda adalci ne. A zuci kuwa kowa na da ƙorafi. Aldo yana ganin shi ya yi wahalar, ga shi da 'ya'ya uku duk suna aiki, amma rabonsu daidai yake da na ƙanensa mai ɗa guda. Rodolfo kuma yana ganin an fi shi yawa, don haka ya rungume kashi 50 ɗinsa, ya ƙi sakin ko ɗaya, yana ajiye wa ɗansa Maurizio. Sai Aldo ya cire kashi 10 daga nasa ya raba wa 'ya'yansa, kowa ya sami kashi 3.3, shi ya rage da 40. Ya yi hakan ne don ya faranta musu, ya kuma ɗaure su a jikinsa. Bai tsaya ya yi tunanin cewa ranar da ɗaya daga cikinsu ya yi fushi ya koma ɗaya ɓangaren, to an gama da shi ba.

Da ya ga ba zai iya taɓa rabon Rodolfo ba, sai ya bi ta bayan gida. Ya kafa wani kamfani daban na turare, inda shi da 'ya'yansa uku suka riƙe kashi 80, aka bar wa Rodolfo 20. A 1979 aka ɗora wa kamfanin turaren wani sabon layin kaya: jakunkuna da ƙananan tarkace na yadi mai tambarin G biyu, masu sauƙin yi, masu araha, ana ba da su sari ga manyan kantuna. Kuɗi ya shigo kamar ruwa, kuma mafi yawansa ɓangaren Aldo ya nufa. Illar ta zo ta hanya biyu. Rodolfo ya gane an zagaye shi, ya ɗauki lauya, wani ɗan Italiya mazaunin Amurka mai suna Domenico De Sole. Sannan sunan da aka yi shekaru ana tsare shi da makullin zinariya ya zube a kasuwa. An kai matsayin da kayan da ke ɗauke da sunan Gucci suka kai iri 22,000, ana sayar da su a wurare sama da 1,000. Jakar yadi kuma ba ta da wuyar kwaikwayo, masu jabu suka samu abin yi. Irin kayan da muka ambata a farko, jikokin wannan shawara ne.

Paolo, ɗa na tsakiya, shi ne ya fi kama da ubansa a zafin kai, kuma yana da basirar zane. Yana ganin ba a jin shawararsa, ba a kuma nuna masa littafin lissafi ko da yake yana da hannun jari. Ya yi rigima da baffansa Rodolfo a Italiya, ya koma wurin mahaifinsa a New York, can ma ba a daɗe ba. A 1980 aka gano yana shirin fito da kayansa da sunan kansa, Paolo Gucci. Aldo ya kore shi daga aiki, kamfanin kuma ya aika wa masu yi musu kaya cewa duk wanda ya yi hulɗa da Paolo ya rasa cinikin Gucci. Kowa ya janye jiki.

Mu tsaya a nan kaɗan. Paolo ba ƙaramin yaro ba ne a lokacin, yana dab da shekara 50, ya ba kamfanin sama da shekara ashirin. Muna ganin Aldo yana da hujja wajen kare sunan gida, domin in kowane ɗa ya ɗauki sunan ya kafa tasa rumfa, sunan ya mutu. Kotun Amurka ma daga baya, a 1988, ta hana Paolo amfani da sunan a matsayin tambarin kaya. Inda Aldo ya yi kuskure shi ne ya toshe wa ɗansa kowace ƙofa, bai bar masa aiki ba, bai saye rabonsa ya sallame shi da mutunci ba, alhali yaron ya san inda kowace takarda take.

A watan Yuli na 1982 aka yi taron shugabannin kamfani a Fulorans. Paolo ya fara jero tambayoyi kan kuɗi, aka ƙi rubuta su, sai ya fito da rakoda ya ɗora a tebur. Aka yi kokawar ƙwace ta, ya fita da jini a fuska. Ya shigar da ƙarar dangin nasa yana neman diyyar dala miliyan 13, jaridun duniya suka samu abin bugawa. Ƙarar ba ta yi nasara ba, amma cikin shari'o'in da ya yi ta shigarwa a New York, Paolo ya miƙa wa kotu takardun da ke nuna yadda ake fitar da kuɗi daga reshen Amurka zuwa wasu kamfanoni na waje, har da na Hong Kong, da sunan biyan aikin da ba a yi ba. Niyyarsa ya matsa wa uban ya sasanta. Amma takarda in ta shiga kotu ta fita daga hannun mai ita. Hukumar harajin Amurka ta ɗauka.

Wannan wuri ya shafe mu kai tsaye, mu da dukiyarmu ke kwana a ƙasa biyu ko uku. Aldo ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa mazauni a Amurka, wanda ya sa dokar harajinsu ta hau kansa gaba ɗaya, amma ya ci gaba da tafiyar da kuɗi yadda ya saba a Italiya ta zamaninsa, inda kauce wa haraji ba abin kunya ba ne a tsakanin 'yan kasuwa. De Sole, da ya duba littattafan, ya gargaɗe shi cewa a Amurka ana ɗaure mutum kan wannan. Aldo bai ɗauki maganar da nauyi ba. Yana ganin mutumin da ya kawo wa ƙasar ciniki da ayyuka irinsa ya fi ƙarfin a taɓa shi.

A watan Mayu na 1983 Rodolfo ya rasu, Maurizio ya gaji kashi 50 shi kaɗai. Abin da ke da ciwo a nan shi ne Aldo ne ya raini Maurizio a kasuwanci. Lokacin da Maurizio ya auri Patrizia Reggiani a 1972 ba da yardar mahaifinsa ba, uba da ɗa suka daina magana, Aldo ne ya shiga tsakani, ya ɗauke shi zuwa New York, ya koya masa aiki shekara da shekaru. Yana yi masa kallon yaro mai ladabi da ba zai taɓa ɗaga kai ba. Maurizio kuwa yana da nasa ra'ayin: a rage tarkacen araha, a gyara lissafi, a dawo da martabar sunan. Ra'ayin ba laifi, amma ya san baffansa ba zai sauka da kansa ba.

Sai ya nemi Paolo. Suka ƙulla cewa Paolo zai ba shi ƙuri'arsa, shi kuma daga baya ya saye rabonsa da tsada, ya ba shi wani reshe ya riƙe. Kashi 50 da 3.3 sun zama 53.3. A reshen Amurka ma Paolo na da kaso, don haka lissafin bai canja ba. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu iya magana, shi ke tsone maka ido. A ƙarshen 1984 aka sauke Aldo daga shugabanci, yana ɗan shekara 79. Da farko an bar masa muƙamin girmamawa da ofis, amma da rigima ta ci gaba, a 1985 aka kwashe kayansa daga ofishin aka hana shi shiga ginin da shi ya saya.

A watan Janairu na 1986 ya tsaya gaban kotun tarayya a New York ya amsa laifin kauce wa harajin sama da dala miliyan 7. A watan Satumba aka yanke masa shekara ɗaya da kwana ɗaya. Yana da shekara 81. A gaban alƙali, cikin hawaye, ya nuna ya yafe wa ɗansa. Aka kai shi gidan yari na sansanin Eglin a jihar Florida, ya yi wata biyar ko kusa da haka, sannan aka mayar da shi wani gidan tsaro mai sassauci ya ƙarasa. Aikin da aka ba shi a kurkuku a ɗakin ɗinki ne.

Amma gidan bai huta ba. Yarjejeniyar Maurizio da Paolo ta wargaje tun ba a je ko'ina ba, Paolo ya ga an ci da shi an yar. Sai ya juya, shi da mahaifinsa da 'yan'uwansa suka kai wa hukumomin Italiya ƙarar cewa sa hannun Rodolfo da ke kan takardun miƙa hannun jari na jabu ne, an yi shi bayan rasuwarsa don a kauce wa harajin gado. Kotu ta riƙe hannun jarin Maurizio. A 1987 ya hau babur ya tsere ya ƙetara iyaka zuwa Siwizalan. An same shi da laifi da farko, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 1989. A waɗannan shekaru shari'o'in da 'yan gida ɗaya suka shigar kan juna sun fi a ƙirga da yatsun hannu, lauyoyi kaɗai suka ci riba.

In bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga. Maurizio, daga inda yake gudun hijira, ya nemo masu kuɗin da za su saye rabon danginsa. Aka samu Investcorp, wani kamfanin zuba jari mai hedkwata a Baharen, wanda wani ɗan Iraƙi, Nemir Kirdar, ya kafa da kuɗin attajiran yankin Gulf. Ba su fito da fuskarsu ba, wani bankin Amurka ne ya yi musu dillanci. Suka fara da wanda ya fi kowa fushi da buƙatar kuɗi: Paolo ya sayar a 1987. Kafin ya tafi kurkuku, Aldo ya riga ya raba kashi 40 ɗinsa na kamfanin Italiya tsakanin Giorgio da Roberto, ya tsallake Paolo, don ya tsare dukiyar a hannun 'ya'yan da ya amince da su. Da suka ga rinjaye ya riga ya kuɓuce, kuma ga farashi mai kyau, su ma suka sayar a 1988. Ba mu ga laifinsu sosai ba, ƙaramin kaso a kamfanin da ba ka da murya a ciki takarda ce kawai. Amma tsohon ya ɗauki abin a matsayin cin amana ta biyu.

Abin da ya rage masa kusan kashi 17 ne na reshen Amurka. Ya yi ta jan ƙafa, daga ƙarshe a watan Afrilu na 1989 ya sa hannu ya sayar. Ba a yi shekara ba ciwon daji ya kwantar da shi. Ya rasu a Rum ranar 19 ga Janairu, 1990, yana da shekara 84, aka kai shi Fulorans aka binne a kabarin danginsa.

Wanda ya kayar da shi bai daɗe a kan kujerar ba. Maurizio ya aiwatar da ra'ayinsa da gaggawa: ya yanke layin araha da ke kawo kuɗi tun kafin sabon kaya ya kama kasuwa, aka rage kayan daga iri 22,000 zuwa 7,000, wuraren sayarwa daga sama da 1,000 zuwa 180, shi kuma yana kashe kuɗi kan manyan ofisoshi da jirgin ruwa na shaƙatawa. Kamfanin ya shiga asara shekara bayan shekara, bashi ya yi masa katutu. A 1993 Investcorp suka matsa masa ya sayar musu da rabinsa. Shekara 72 bayan Guccio ya buɗe shagonsa, ba sauran ɗan gidan Gucci ko ɗaya da ke da kaso a Gucci.

Ranar 27 ga Maris, 1995, wani ɗan bindiga ya harbe Maurizio a ƙofar ofishinsa a Milan. A 1998 kotu ta sami tsohuwar matarsa Patrizia da laifin biyan kuɗin kisan, ta yanke mata shekara 29. Paolo ya rasu a Landan a watan Oktoba na 1995, bayan ya bayyana a kotu cewa ya karye. A wannan watan ne Investcorp suka kai Gucci kasuwar hannun jari, ƙarƙashin jagorancin De Sole, lauyan nan da Rodolfo ya ɗauka, da wani mai zanen kaya Ba'amurke, Tom Ford, suka mayar da shi ɗaya daga cikin kamfanonin kayan ƙawa mafi riba a duniya. Yau yana hannun rukunin Kering na ƙasar Faransa, kuma har yanzu ana sayar da jaka mai hannun gora da takalmi mai linzami a titin Condotti, inda Aldo ya kama shago a 1938 mahaifinsa yana faɗa.